Yadda Ake Ƙera Sarewar Bansuri ta Indiya da Yadda Ake Kula da Ita

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san muryar bansuri ko da bai taɓa jin sunanta ba, domin ita ce sarewar nan mai taushin murya da ake busawa a tsakanin baitocin waƙa. Sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na harshen Hindi, wato "bans" mai nufin gora, da "sur" mai nufin sautin kiɗa. Gora ce miƙaƙƙiya da aka toshe kanta, aka yi mata huji ɗaya na busawa a gefe da hujoji shida na yatsu, wani lokaci bakwai. Ba ta da maɓalli, ba ta da wani sashe da ake zarewa ko turawa domin a gyara murya. Wannan rashin ne ya sa ƙera ta ya zama aikin haƙuri, saboda duk hujin da aka ƙona a jikinta ya zauna ke nan: ana iya faɗaɗa shi, amma ba a mayar da shi yadda yake.

Iri biyu ne manya a Indiya. A arewa akwai bansuri, wadda wannan jagora ta tsaya a kanta, a kudu kuma akwai venu mai hujojin yatsu takwas. Mabiya addinin Hindu suna danganta sarewar da abin bautarsu Kirishna, wanda kusan kullum ake zana shi yana busa ta. Ta daɗe a hannun makiyaya da mawaƙan karkara tana 'yar gajeriya mai siririyar murya, sai Pannalal Ghosh, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1960, ya tsawaita ta zuwa kusan inci 32, ya ƙara mata huji na bakwai, ya shigar da ita dandalin manyan makaɗan gargajiya. Hariprasad Chaurasia, da aka haifa a 1938, shi ne ya ƙara yaɗa ta a duniya. Garin Pilibhit na jihar Uttar Pradesh, kusa da iyakar Nefal, ya yi suna wajen ƙera ta, kuma da yawa daga cikin gidajen da suka gaji sana'ar a can Musulmi ne.

Zaɓen gora

Rabin aikin yana ƙarewa ne a wurin zaɓen gora. Wadda ake nema ita ce mai dogon zango tsakanin gaɓa da gaɓa, domin bansuri ta ƙwarai daga zango ɗaya ake yanko ta, ba tare da wata gaɓa ta gitta a tsakiya ba. Irin wannan gora tana fitowa a yankunan Indiya masu yawan ruwan sama, musamman jihar Asam da maƙwabtanta a arewa maso gabas, da kuma tsaunukan Kerala da Tamil Nadu a kudu, shi ya sa maƙeran Pilibhit suke sayo tasu daga Asam duk da nisan da ke tsakani. Gorar da ke fitowa a dazukan arewacin Najeriya da maƙwabta ba ta cika dacewa ba, saboda jikinta yana da kauri sosai, cikinta ƙanƙane ne, wata ma kusan a toshe take. Mai koyo da bai samu gorar da ta dace ba yana iya fara gwaji da bututun roba na famfo, wanda zai koya masa awo da daidaita murya ba tare da ya yi asarar gora mai tsada ba, amma da sharaɗin ya huda shi da injin huda, kada ya kusanto masa da ƙarfe mai zafi, domin hayaƙin robar guba ne.

A wannan jagora za mu ɗauki matsakaiciyar bansuri da ake kira C, ɗaya daga cikin haruffan da Turawa ke kiran sautukan kiɗa da su, mai tsawon kusan santimita 48, wadda yawancin malamai ke ba ɗan koyo saboda yatsu suna isa hujojinta ba wahala. Tana buƙatar gora mai faɗin ciki milimita 17 zuwa 19, da kaurin jiki milimita 2 zuwa 3, kuma zangonta ya kai aƙalla santimita 52 domin a samu rarar da za a datse. Idan jikin ya fi haka kauri, muryar takan yi nauyi kuma sautukan sama su yi wuyar fita. Idan ya fi haka siranta, sarewar ba ta jure canjin yanayi. A leƙa ta ciki a ga ko kewayen ya yi daidai kamar zobe, a mirgina ta a kan tebur a ga ko ta miƙe, sannan a ƙwanƙwasa ta da farce: busasshiyar gora lafiyayya tana amsawa da ƙara mai kaifi, wadda ke da ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai a ji ta yi wani dum kamar fasasshen kasko.

Ana sare gorar da ta kai shekara uku zuwa huɗu, kuma a ƙarshen damina ko farkon sanyi, sa'ad da sitacin da ke jikinta ya ragu. Dalili shi ne akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke bin wannan sitaci, ya shiga ya riƙa ci ta ciki, ba a sanin yana nan sai an ga gari mai laushi yana zuba kamar an tankaɗe shi. Masu sarrafa gora sukan jiƙa ɗanyar a ruwan da aka narkar da wani farin sinadari mai suna borakis na wasu kwanaki domin kare ta daga wannan ɓarna.

Busarwa da gashi

Ba a shanya gora a rana. A jingine ta a tsaye cikin inuwa, a wurin da iska ke ratsawa, ana juya ta lokaci zuwa lokaci, har tsawon wata shida a ƙalla, manyan maƙera kuwa sukan bar ta shekara ɗaya ko biyu. Wasu sandunan za su tsage a lokacin jiran, kuma bai kamata a yi baƙin cikin hakan ba, gara su tsage tun suna gora da su tsage bayan an ɓata kwanaki ana daidaita su. Gaggawa a nan asara ce zalla, domin gorar da ba ta gama bushewa ba za ta ci gaba da tsukewa bayan an huda ta, sai muryar da aka daidaita ta goce.

Bayan ta bushe sai gashi. Kafin a kusanto da ita wuta, wajibi ne a tabbata an fasa duk wata gaɓa da ke rufe, domin iskar da ta kulle tsakanin gaɓoɓi biyu tana kumbura da zafi har ta fasa gorar da ƙara a hannun mutum. A hura gawayi a bari harshen wuta ya kwanta, sannan a riƙe gorar sama da garwashin da tazarar kamar taƙi ɗaya, ana jujjuya ta ba tsayawa, ana tafiya daga wannan kai zuwa wancan. Za a ga wani maiƙo ya tsattsafo a bayanta yana ƙyalli, sai a goge shi da tsumma tun da zafinsa, launin kuma zai koma ruwan zuma. Idan tana da ɗan lanƙwasa, wannan ne lokacin gyarawa: a ɗumama wurin sosai, a danna shi a hankali a kan gwiwa da aka rufe da tsumma mai kauri, a riƙe har ya huce. Da zarar an ji ƙaurin ƙuna ko an ga baƙi ya fara bayyana, an wuce gona da iri, kuma gorar da ta ƙone takan yi gautsi. A bar ta ta huta kwana biyu ko uku kafin a ci gaba.

Sai tsabtace ciki. A naɗa samfefa a kan siririn sanda, a goge cikin daga kai har gindi, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, har sai farar fatar nan ta ciki ta fita kuma an ga haske yana sulɓi idan an leƙa. Mutane da yawa sukan yi sakaci da wannan mataki don ba a ganinsa daga waje, alhali santsin ciki yana cikin abubuwan da ke sa sarewa ta amsa da ƙaramin numfashi.

Kayan aiki

Ana buƙatar zarto mai ƙananan haƙora, rula mai nuna milimita, fensir, sandunan ƙarfe masu kauri daban-daban daga milimita 5 zuwa 10 waɗanda aka sa wa mariƙin itace, kaskon gawayi, samfefa, kakin zuma, zaren nailan mai ƙarfi, da abin toshiya. Maƙeran Indiya suna toshewa da ɓawon itacen nan mai laushi da ake rufe bakin kwalba da shi, ko kuma da roba mai taushi da aka yanka daidai faɗin cikin. Sai wayar hannu mai manhajar auna sauti. A yi aikin a sarari ko a ɗakin da tagoginsa ke buɗe, saboda hayaƙin gora yana shiga ido.

Dalilin da ya sa ake huda da jan ƙarfe maimakon injin huda yana cikin yanayin gorar kanta. Zaruruwanta duk a tsaye suke, daga gindi zuwa kai, babu masu gittawa da za su riƙe su, don haka bakin inji yana iya kama zare ɗaya ya yage shi, tsagar ta bi tsawon sandar. Ƙarfe mai zafi kuwa ƙona zaruruwan yake yi yana rufe bakinsu a lokaci guda.

Hujin busa da toshiya

Gora takan fi ɗan faɗi a ɓangaren da ya fi kusa da saiwa. A mayar da wannan ɓangaren ya zama kai, domin sarewar da ke ɗan tsukewa zuwa gindi ta fi daidaita tsakanin sautukan ƙasa da na sama. A ja layi miƙaƙƙe da fensir daga kai zuwa gindi, wanda duk hujojin za su hau kansa. A auna santimita 7 daga kai a yi alama, nan ne tsakiyar hujin busa.

A sa sandar milimita 6 a wuta har bakinta ya yi ja, a kwantar da gorar a kan tsumma yadda ba za ta mirgina ba, a ɗora bakin ƙarfen a tsaye cak a kan alamar, a riƙa murza shi a hankali ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Hayaƙi zai tashi, sannan a ji ƙarfen ya faɗa ciki. A nan ne ake riƙe hannu, don kada ya zarce ya ƙona bangon da ke ƙasa. A bi da sanda mafi kauri har hujin ya kai milimita 10, sannan a naɗe samfefa kamar sigari a goge baƙin da wuta ta bari. Hujin yakan ɗan fi tsawo ta bin tsawon sarewar, kamar milimita 10 da 11. Gefen da iska ke bugawa, wato wanda ke nesa da leɓe, shi ne ran sarewar gaba ɗaya, don haka a bar shi da kaifi da tsabta, kada a dakusar da shi da guga. Abin da aka yarda a yi shi ne a ɗan zaftare bangon ta ciki, yadda hujin zai fi faɗi a ƙasa fiye da sama.

A tura toshiyar ta kai har fuskarta ta tsaya da tazarar da ta yi daidai da faɗin cikin gorar daga tsakiyar hujin busa, wato kusan milimita 17 ko 18. Ta matse yadda iska ba za ta ratsa ba, amma kada a cusa ta da ƙarfi har ta tsaga kan, kuma kada a manne ta tukuna, domin za a dawo kanta.

Datse tsawo

Makaɗan Indiya suna kiran sautuka bakwai da sunayen Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha da Ni. A bansuri ta arewa, Sa tana fita ne idan an rufe hujoji uku na sama, kuma da ita ake ba sarewa suna. Idan aka rufe duka shida sai Pa ta ƙasa ta fita. Saboda haka bansuri C, wadda Sa ɗinta ke girgiza sau 523 a daƙiƙa, sautinta mafi ƙasa shi ne G mai girgiza 392, kuma wannan ne za a nema kafin a huda ko ɗaya daga hujojin yatsu. Masu sayen sarewa da yawa sukan ruɗe a nan, su busa ta a rufe su ga manhaja ta nuna G, su ɗauka an sayar musu da wata daban.

Lissafin ba shi da wuya. Sauti yana tafiyar kusan mita 346 a daƙiƙa idan zafi ya kai digiri 25, kuma tsawon iskar da ke girgiza a cikin bututu mai buɗaɗɗen baki biyu shi ne wannan gudun a raba da ninkin girgizar da ake so. Idan aka raba 346 da 784 za a samu kusan santimita 44. Sai dai iskar tana ɗan zarce bakin gorar da kuma hujin busa, shi ya sa ainihin tazarar daga tsakiyar hujin busa zuwa gindi takan tsaya wajen santimita 39 zuwa 40. Kada a yanke a 40 kai tsaye. A fara daga 43, a busa, a duba manhaja, za a ga sautin yana ƙasa da G, sai a riƙa datse milimita 3 ko 4 ana sake busawa, idan an kusa a ajiye zarto a koma samfefa. A kewaye wurin yankan da tef kafin a sa zarto don kada fatar gorar ta ɓare.

Akwai tarko guda a wannan mataki. Ɗan koyo da bai iya busa ba tukuna, muryarsa takan hau ta sauka gwargwadon yadda ya karkata sarewar da yawan hujin da leɓensa ya rufe. Wanda ya daidaita sarewa da irin wannan busa, kansa ya daidaita wa, ba kowa ba. A zauna yadda za a zauna wajen kiɗa, leɓen ƙasa ya rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na hujin, a busa da numfashi matsakaici, kuma a ɗumama sarewar da busa na minti biyu ko uku kafin kowane awo, domin kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ɗan ɗaga murya.

Hujojin yatsu

Bayan an samu Pa, a auna tazarar daga tsakiyar hujin busa zuwa gindi, a ɗauke ta a matsayin kashi 100. Wuraren farawa na hujoji shida, idan ana ƙirgawa daga hujin busa, su ne kashi 43, 50, 58, 68, 73 da 83. A sarewar da tazararta ta kasance santimita 40, wannan yana nufin santimita 17.2, 20, 23.2, 27.2, 29.2 da 33.2. Waɗannan alƙaluma shiga gari ne kawai, domin babu gora biyu da cikinsu ya zama ɗaya, kuma kunne ne zai yanke hukuncin ƙarshe. Kafin a taɓa wuta, a ɗora yatsu a kan alamomin a ji ko hannu ya zauna. Hannun hagu yana sama da yatsu uku, na dama yana ƙasa da uku. Masu bin salon Chaurasia suna rufe hujoji da shimfiɗaɗɗun yatsu, masu bin Pannalal Ghosh kuma da kan yatsu, kuma ana iya karkatar da huji na uku da na shida kaɗan zuwa gefe don sauƙaƙa wa mai gajerun yatsu, ba tare da murya ta canja ba, muddin nisansu daga hujin busa bai motsa ba.

Daga gindi ake farawa, a hau sama, huji ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa na gaba sai na baya ya kusa zama. Dalili shi ne sautin kowane huji ya dogara da waɗanda ke buɗe a ƙasansa. A huda na shida da sandar milimita 5 ko 6, a goge, a busa. Dha ake nema, mai girgiza 440, kuma tabbas za a same ta ƙasa da haka da farko. A faɗaɗa kaɗan, a sake busawa. Idan saura ƙiris, a daina faɗaɗa shi ta ko'ina, a riƙa goge gefen da ke fuskantar hujin busa kawai, ko a zaftare shi ta ciki, domin hakan yana ɗaga murya ba tare da hujin ya yi wa yatsa girma ba. A tsaya yana ɗan ƙasa da inda ake so.

Haka za a bi sauran. Na biyar yana ba da Ni a 494, kuma yawanci shi ne mafi faɗi, yakan kai milimita 10 ko 11. Na huɗu yana ba da Sa a 523, shi kuwa yakan fi maƙwabcinsa ƙanƙanta don tazarar da ke tsakanin Ni da Sa rabin taki ce. Wannan huji ya cancanci a ɓata masa lokaci fiye da kowanne, tunda duk kiɗan Indiya a kan Sa yake komawa, kuma kuskure a nan ba ya ɓoyuwa. Na uku yana ba da Re a 587, na biyu Ga a 659, na farko kuma, idan duka a buɗe suke, yana ba da Ma mai kaifi, wato wadda ta ɗara Ma ta asali da rabin taki, a 740. Ma ta asali ana samun ta ne da rufe rabin hujin farko. Wannan rufe rabi shi ne dalilin da ya sa hujojin bansuri suke da faɗi, domin da shi ake fitar da sautukan tsakani da kuma jan murya daga sauti zuwa sauti ba tare da yankewa ba, abin da makaɗa ke kira "meend". Sarewa mai ƙananan hujoji tana iya yin daidai a manhaja amma ta kasa wannan jan, kuma a ganina wadda ta kasa shi ba ta cika bansuri ba.

Idan an gama shida, a koma ƙasa a sake bi, domin hujojin sama, ko a rufe suke, suna ɗan saukar da sautukan ƙasa. A wannan zagaye na biyu ne ake kai kowanne inda ya dace. Ya fi kyau a kunna sautin tambura a waya, wato gurmin nan mai dogon wuya da ke riƙe wa makaɗan Indiya Sa, a busa a kansa a saurara, saboda Ga da kunne ke jin daɗinta a kan tambura tana ɗan ƙasa da wadda manhaja ke nunawa. Daga nan a gwada hawa na biyu, wato waɗannan sautukan a murya ta sama, ta hanyar matse leɓe da ƙara saurin iska. Idan sautukan sama suna faɗuwa ƙasa da takwarorinsu, a matso da toshiya kusa da hujin busa da milimita ɗaya ko biyu. Idan suna zarcewa, a ja ta baya. Sai an gamsu sannan a narka ɗan kakin zuma a bayanta don ya toshe duk wata kafa. Hujin da ya zarce kuwa, magani ɗaya ne, a liƙa ɗan kakin a gefensa na sama ta ciki don ya rage shi, amma faci ne, kuma yana narkewa idan zafi ya yi yawa.

Ɗaurin zare

Zaren launi da ake gani a jikin bansuri ado ne a ido, amma aikinsa shi ne riƙe gora kada tsaga ta fara, idan kuma ta fara kada ta yi nisa. Ana ɗaurewa a kai, da gindi, da gefe biyu na hujin busa, da tsakanin huji na uku da na huɗu, da ƙasan na shida, kowane ɗauri mai faɗin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A lanƙwasa bakin zaren ya zama hanci, a kwantar da shi bisa tsawon gorar, a riƙa naɗewa a kansa da ƙarfi, kowane zagaye manne da na baya ba tare da hawa kansa ba. Idan faɗin ya isa, a zura ƙarshen zaren cikin hancin, a ja ɗaya bakin har hancin ya shige ƙarƙashin naɗin, a yanke rarar, a shafa ɗan banish a kai. A sa tsumma a hannu wajen ja, domin nailan yana yanka fata. Ɗaurin da yatsa zai iya gusar da shi ba ya riƙe komai.

Kulawa

Abin da ke kashe bansuri shi ne saurin canji tsakanin laima da bushewa. Numfashi yana jiƙa cikinta ya kumbura, busasshiyar iska tana tsuke bayanta, idan bambancin ya yi yawa sai ta dare. Gorar da ta girma a Asam mai yawan ruwa, idan ta tsinci kanta a Kano ko Damagaram cikin hunturu, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20, tana cikin haɗari na gaske. Ni kaina na taɓa barin wata a gaban mota da rana a watan Janairu na shiga masallaci, kafin in fito ta tsage daga hujin busa har kusa da huji na biyu, kuma ba wanda ya taɓa ta.

Bayan kowace busa, a zura tsumma mai laushi a kan siririn sanda a goge cikin, a bar ta ta sha iska na ɗan lokaci, sannan a mayar da ita kubenta. Bututun roba mai murfi da aka shimfiɗa wa ƙyalle ya fi jakar yadi kariya, musamman a tafiya. A lokacin hunturu a sa ɗan soso da aka jiƙa aka matse sosai a cikin kuben, a cikin leda mai ƙananan huji yadda ba zai taɓa gorar ba. Laimar da gora ke so tana tsakanin kashi 40 da 60. Da damina kuma akasin haka ake yi, a cire soson, a riƙa buɗe kuben, domin fumfuna tana kama cikin sarewar da aka rufe da danshi. Kada a ajiye ta a bakin taga, ko kusa da murhu, ko a gaban na'urar sanyaya ɗaki. Da sanyin asuba a riƙe ta a hannu ko a hammata ta ɗumama kafin a hura mata numfashi mai zafi. Kada kuma a buga ta a tafin hannu don fitar da ruwa, kamar yadda wasu ke yi.

Kan batun shafa mai, maƙera sun rabu. Al'adar arewacin Indiya ita ce a shafa man mastad, wasu kuma suna amfani da man almon, yayin da wasu ke cewa gorar da aka gasa da kyau ba ta buƙatar komai. A ƙasa mai bushewa na fi karkata ga shafawa sau uku ko huɗu a shekara, ɗaya daga ciki kafin shigowar hunturu. A yi shi ranar da ba a busa ta ba, cikinta a bushe, a ɗiga mai kaɗan a tsumma a zura, a tsaya kafin a kai ga toshiya don kada ta yi santsi ta gusa, sannan a jingine sarewar gindi a ƙasa ta kwana, da safe a goge rarar. A guji man gyaɗa da manja, suna yin danƙo da wari kuma suna jawo kiyashi.

Idan tsaga ta bayyana, a daina busawa nan take. A bar gorar kwana ɗaya a wuri mai ɗan laima don bakin tsagar ya matso, a ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa ya bi layin, a matse da hannu na minti ɗaya, sannan a ɗaure zare a ƙarshen tsagar biyu da kuma duk santimita biyu ko uku a tsakani. Tsagar da ke kai ko gindi takan gyaru har a manta da ita, amma wadda ta ratsa gefen hujin busa mai kaifi takan bar shashsheka a murya ko bayan gyara. Idan kuma garin ƙwaro aka gani, a ware sarewar daga sauran, a nemo ɗan hujin da yake zubowa, a tsiyaya mai a ciki da allura, bayan kwana biyu a toshe da kakin zuma. Kada a fesa mata fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, tunda a baki ake sa ta. A riƙa duba ɗaurin zare duk bayan 'yan watanni, musamman a ƙarshen rani, domin gora takan tsuke zaren ya yi sako-sako, kuma wanda ya saki a warware shi a sake sabo tun kafin sanyi ya shigo.